Gidan haya a Kano, mai gida a Jidda

Wani bawan Allah da ke aiki a Jidda ya turo min tambaya, ya ce shekara 9 yana tara riyal har ya gina gida mai sashe huɗu a Rijiyar Zaki, ya damƙa wa ƙaninsa ya riƙa karɓar haya, yau shekara biyu kullum labarin ɗaya ne, ko masu haya ba su biya ba ko kuɗin sun tafi a gyara, kuma yana tsoron ya yi magana Hajiya ta ce ya tozarta ɗan'uwansa.

To Alhaji, Allah Ya sa albarka a wannan gumi. Ni dai ba zan ce ƙaninka ya ci amana ba tunda ban ji ta bakinsa ba, amma ka ɗora masa kaya mai nauyi, mutum yana fama da cefanen gidansa ga kuɗin haya na shekara guda a aljihu, yau a ranci dubu ashirin gobe a ranci hamsin da niyyar za a mayar, wallahi haka ake faɗawa ciki ba a shirya ba. Saboda haka ka raba hannunsa da kuɗin, shi ke nan. Kowane ɗan haya ya tura kai tsaye asusunka na banki, alat ya shigo wayarka kana Jidda, shi kuma ka yanka masa la'ada kamar yadda ake ba dillalai, kashi 10 cikin 100, aikinsa duba gida. In an ce rufi na yoyo a ɗauko maka bidiyo a WhatsApp ka ga silin ɗin da ya jiƙe da idonka, ka yi ciniki da kafinta da bakinka, kuma a yi gyaran kwano da indararo kafin damina ta sauka.

Sai rubutu, nan ne mutanenmu ke sakaci. Lauya ya rubuta yarjejeniya da kowane ɗan haya, nawa ne, yaushe wa'adi zai cika, wa zai kwashe masai, wa zai gyara burtsatse in ta lalace, a sa shaidu, in so samu ne har da mai unguwa. Kowane sashe da mitar katinsa ta KEDCO, kada wani ya tashi ya bar maka bashin wuta. Wanda ya ƙi biya kuma don Allah kar ka ce a cire masa ƙofa ko a watso kayansa waje, kai za ka koma mai laifi. Mai hayar shekara bisa al'adar kotu wata 6 ake ba shi notis in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, sannan wani notis na kwana 7, sannan kotu.

In za ka ba wani takardar wakilci ka je ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke nan Jidda a buga mata hatimi, kuma a rubuta ƙarara cewa wakilcin na haya ne kawai, banda sayarwa banda jingina. Asalin takardar mallakar gidan kar ta kwana hannun kowa, kwafi ya ishe su.

Hajiya kuwa kira ta da kanka tun kafin labari ya iso mata ta wani bakin, ka ce mata albashi ka yanka wa ƙaninka kuma abin da ya wuce ka yafe, in har zuciyarka za ta iya yafewar.