Me ya sa dashena ke bushewa a hannun masu saye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina renon itatuwa a leda a bakin hanya nan Kumasi: mangwaro mai aure, lemo, darbejiya da furannin ado. A wurina kore shar suke, amma sai mutum ya saya ya dasa, bayan mako biyu ya dawo yana cewa ya bushe. Ina matsalar take? Daga wani mai karatu a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka zargi mai saye, je ka ɗaga leda guda daga cikin waɗanda suka daɗe a wuri ɗaya. In ta ƙi tasowa sai ka ja da ƙarfi, har ka ji wani abu ya tsinke, to ga ciwon nan. Saiwa ta huda leda ta shige ƙasa, daga can itacen yake shan ruwa, shi ya sa yake maka kyau. Ranar sayarwa kai da hannunka ka tsinke masa ita, ga ganye cike da kai, ga ɗan guntun saiwa a leda. Ta ina zai rayu?

Maganin ba ya cin kuɗi. Duk bayan mako biyu ko uku a ɗaga ledojin, a yanke saiwar da ta leƙo da wuƙa mai kaifi, a shayar nan take, kuma da yamma ake yi. Yankan ne ke sa ƙananan saiwoyi su yawaita a cikin ledar, su ne kuwa masu kama ƙasa bayan dashe. Wasu na shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa su jera a kai. Yana taimakawa, sai dai da ruwan Kumasi dole wurin ya zama da ɗan gangara, in ba haka ba ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe.

Sai batun rumfa. Dashen da ya tashi a inuwa, ana ba shi ruwa safe da yamma, kamar ɗan gata ne da aka tura gona. Saura mako uku ko huɗu ka sayar, ka riƙa rage ganyen rumfar da kaɗan-kaɗan, kana rage ruwa, har ya saba da rana. Zai ɗan rage sheƙi, wasu masu saye ma su yatsina fuska, amma shi ne mai kamawa.

Lokaci ma da nasa. Babbar daminarmu daga wajen Afrilu zuwa Yuli take, ƙaramar kuma Satumba zuwa Nuwamba. Ba banza ba aka sa ranar farko ta Green Ghana, wato shirin gwamnati na dashen itatuwa a faɗin ƙasar, a 2021, cikin watan Yuni. Wanda ya zo saye a Disamba, hunturu na kaɗawa, faɗa masa gaskiya: in ba zai iya shayarwa ba, ya dakata.

Ka duba ƙasar ledar kuma. Garin katako, irin wanda ake samu a kasuwar katako ta Sokoban, in bai ruɓe ba yana janye wa shuka abincinta, ganye ya yi rawaya. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona saiwa yake. Ƙasar sama kashi biyu, yashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki ɗaya ya wadatar. In itatuwan katako kake son ƙarawa, masu binciken gandun daji na FORIG suna nan Fumesua, ka nemi shawararsu kan iri.

Mai saye kuma kada ka bar shi ya tafi sai ka nuna masa: a tsaga ledar a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba, kuma wurin auren mangwaro ya tsaya sama da ƙasa, kada a binne shi.