Kada ka yarda a sauke maka giyar mota tukuna

Ɗan'uwa, da na karanta cewa Camry ɗinka ƙirar 2004 tana rawa in ka kai gudun 80, kuma makanike ya ce sai an sauke giya, wallahi sai da gabana ya faɗi. Don Allah dakata.

Tawa Sienna ce, da ita nake ɗebo kaya daga kasuwar Mile 12 a Legas, ita ma ta yi irin wannan rawar. Makaniken da na riƙa tamkar ƙanena, har ɗaurin aurensa na je, shi ya wahalar da ni wata huɗu. Yau fulogi, gobe kwayil, aka canza injin sit (mazaunin injin) biyu, aka yi balansin taya. Ranar da na biya kuɗin ƙarshe na ɗauko iyali, muna tsakiyar gadar Third Mainland motar ta kama karkarwa kamar mai masassara. Maiɗakina ta ƙanƙame yaro tana ta salati, danfo na danna mana hon a baya, hagu ruwa dama ruwa. Na kira makaniken ya fi sau goma bai ɗaga ba. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi.

Wani dattijon makanike a Agege ne ya shiga muka zaga tare. Ya ce taka totur, ta yi rawa. Ya ce ɗaga ƙafa, ta yi lif. Nan take ya ce shaf ne, wato ƙarfen da ke juya taya, kan da ke ciki wajen giya. Da aka leƙa, robar ta yage, giris ya fantsame ko'ina, yashi ya shiga ya cinye shi. Na Beljiyam na sayo a Ladipo, kasuwar kayan mota, magana ta ƙare.

To kai ma fara da wannan gwajin. In tana tsaye a silo take rawa, wajen injin za a duba, fulogi ko injin sit. Wadda kake ji a sitiyari ko ka taka totur ko ba ka taka ba, dubi taya da rim, ramukan damina suna lanƙwasa su. In sai ka taka birki take yi, farantin birki ne. Kuma in za ka Ladipo, riƙe tsohon shaf ɗin a hannu a gwada tsawo, na hagu da na dama ba ɗaya ba ne.

Ka faɗa mana, in ka saki totur tana dainawa?