Kan tambayar dodon koɗi: ina kashewa, amma ba kowanne ba

Salamu alaikum. 'Yar'uwa, tun jiya na ga tambayarki. Kin ce kin dasa latas da kabeji, cikin dare biyu dodon koɗi ya cinye fiye da rabi, maigida ya ce a barbaɗa musu gishiri ko a sayo guba a huta, ke kuma zuciyarki ba ta kwanta da hakan ba, kina son jin ko a kashe su ko a ƙyale. Na lura amsoshin da aka ba ki sun rabu biyu. Wasu sun ce kada ki bar ko ɗaya da rai, wasu sun ce halittar Allah ce, ita ma abincinta take nema. Ni na zauna a duka ɓangarorin biyu, kowanne kuma na sha wuyarsa, shi ya sa amsata za ta ɗan yi tsawo. A yi min haƙuri.

Kafin komai ki tabbatar shi ne ɓarawon. Tsutsa da fara ma suna huda ganye, sau da yawa kuma laifinsu ake ɗora wa dodon koɗi. Shi nasa cin yana da alama: ramuka marasa tsari a tsakiyar ganye, da sawun yauƙi mai ƙyalli a ƙasa ko a jikin tukunya idan gari ya waye. Ba taunawa yake yi ba, kankarewa yake yi da wani harshe mai dubban ƙananan haƙora kamar magogi. Iri biyu za ki gani, mai ƙoƙo a baya da kuma ɗan'uwansa marar ƙoƙo, wanda ni nake ce wa tsirara. A wurina tsiraran sun fi ɓarna, don suna shigewa cikin ƙasa da rana, ba kya ganinsu sai aikinsu.

Shekarun farko da na fara lambu, yaƙi na ɗaura da su. Gishiri na fara da shi, kamar yadda maigidanki ya ce. Yana kashewa, ba musu, amma duk wanda ya tsaya ya kalli yadda abin yake kumfa yana murɗewa har ruwan jikinsa ya ƙare, ba zai so ya sake ba. Kuma gishirin nan ba tafiya yake yi ba, yana nan cikin ƙasa. Gefen fangalin da na fi barbaɗawa sai da ya yi kaka guda ba abin da ya yi kyau a wurin. Daga nan na koma ƙwayoyin gubar nan shuɗɗa masu metaldihaid. Da safe sai in tarar da gawarwaki birjik, in ji daɗi, in ce na gama da su. Bayan mako biyu wasu sun cike gurbin. Dalili kuwa kowane ɗayansu namiji ne kuma mace, duk wanda ya yi barbara zai iya yin ƙwai, kuma yana binne su ne curi-curi a ƙasa mai laima, farare kamar ƙananan duwatsun wuya. Manyan kawai nake kashewa, ƙwan suna nan suna jiran ruwa.

Abin da ya raba ni da gubar nan karen maƙwabcina ne. Ya shigo ta ƙarƙashin shinge ya lashe wadda na zuba a wani kwano, kafin dare yana karkarwa, yawu na dalala, jikinsa zafi rau. Da ƙyar likitan dabbobi ya ceto shi, ni kuma na daɗe ban iya haɗa ido da mai shi ba. Daga baya na ji cewa Birtaniya ta hana amfani da metaldihaid a lambuna da gonaki tun daga watan Afrilun 2022, saboda illarsa ga tsuntsaye da dabbobi irin su bushiya da karnuka. Idan akwai yara ƙanana ko kaji ko kare a gidanki, wannan kam kada ma ya shigo.

To sai na juya gaba ɗaya, na ce daga yau ba ni ba kisa. Na riƙa tsince su cikin bokiti ina zubarwa bayan shinge, ina jin kaina mai tausayi. Wata rana na ɗiga wa guda goma jan farce a ƙoƙo don in gwada, cikin kwana uku na sake kama shida daga cikinsu a kan kabejina. Ashe sun san hanyar gida. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2014 ya nuna sai an kai su nesa da kamar mita 20 kafin su ɓace wa hanyar dawowa. Amma ki duba, mita 20 daga lambuna lambun wani ne. Wato tausayin nawa bai wuce in ɗauke matsalata in kai wa maƙwabci ba, wanda shi kuma zai zuba musu gishiri. A daminar nan sau uku ina shuka wake, sau uku suna aske shi tun yana ganye biyu. Masu cewa a ƙyale su kawai, ina girmama ra'ayinsu, amma ina zargin yawancinsu itatuwa da furanni masu tauri suke da su, ba 'yan dashen latas ba.

Abin da ya daidaita min tunani shi ne na fara fita da tocila da dare, ba don in kama ba, don in kalla. Na yi mamaki. Mafi yawansu ba a kan shukata suke ba. Suna kan juji, kan ruɓaɓɓen ganye, kan naman kaza, wasu ma kan gawar 'yan'uwansu. Akwai wani babban tsirara mai ɗige-ɗige kamar damisa da na daɗe ina kashewa saboda girmansa ya fi ba ni tsoro, alhali shi ruɓaɓɓen abu ya fi ci, har ƙananan tsirara yakan farauta. Masu yi min ɓarnar gaske ƙanana ne, masu ruwan toka, da ƙyar ake ganinsu. Wannan ya yi daidai da abin da babbar ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, ta faɗa a 2022, lokacin da ta daina lissafa su cikin ƙwarin ɓarna: daga cikin nau'in tsirara 44 da ke ƙasar, 9 ne kawai ke cin shukar lambu. Lissafin ƙasarsu ne, na wani wuri zai bambanta, amma abin da na gani da idona kenan. Sauran masu sharar lambu ne, su ke mai da tarkace taki, su ne kuma abincin kwaɗi da tsuntsaye da bushiya da baƙaƙen ƙwarin nan masu gudu da ke ɓuya ƙarƙashin duwatsu.

Yanzu ga yadda nake yi. Na raba lambun a raina gida biyu. Inda 'yan dashe da sabon tsiro suke, nan ba sani ba sabo. Juji da gindin itatuwa da bakin shinge kuwa nasu ne, ko kallonsu ba na yi. Shuka tana cikin haɗari ne a makonninta na farko, da ta yi ƙwari za ta iya ɗaukar 'yan ramuka ba ta mutu ba. Don haka ba na dasa latas ko kabeji sai sun yi ganye biyar ko shida, kuma a kan tebur nake renonsu, ba a ƙasa ba. Wannan kaɗai ya rage min asara fiye da duk gubar da na taɓa saya. Na kuma daina ban ruwa da yamma. Da safe nake yi, kafin dare saman ƙasa ya bushe, tafiya ta yi musu wuya. Sai in ajiye tsohon katako a jiƙe tsakanin fangali, da safe in ɗaga, in tarar sun taru a ƙarƙashi suna gudun rana. Mako biyu na tsinta a jere, musamman daren da aka yi ruwa, yana karya lagonsu. Albasa da tafarnuwa ba su cika damunsu ba, ba na ɓata lokaci wajen gadinsu.

Waɗanda na kama a kan 'yan dashe ina kashe su, ba zan ɓoye miki ba. Amma da sauri, taku ɗaya da takalmi ko sara ɗaya, ba gishiri, ba barinsu cikin rana su bushe. A ganina in har za a ɗauki rai saboda kare abinci, to kada a haɗa da azaba. Mai agwagi ma ya huta, su za su yi masa aikin, sai dai a sa ido don agwagwa ba ta ƙin latas.

An ba ki shawarar ɓawon ƙwai da zagayen tagulla. Na gwada duka, na ga dodon koɗi yana tafiya a kan ɓawon ƙwai kamar a kan tabarma, yauƙinsa ke kare shi. RHS ɗin nan ma ta gwada su a kan latas a 2018, tare da tsakuwa da ɓawon itace da curin ulu, ba ta ga wani bambanci ba. Toka tana ɗan aiki har zuwa ruwan farko. Tarkon ruwan yisti da sukari, wato a zuba shi a kwano a binne a ƙasa, yana kamawa, amma ki bar bakin kwanon ya ɗan ɗago daga ƙasa, in ba haka ba ƙwarin da ke taya ki yaƙi su ma za su faɗa. Idan abin ya fi ƙarfinki, akwai ƙwayoyin ferik fosfet, waɗanda ake yarda da su a noman da ba a sa sinadarai. Wanda ya ci sai ya daina cin abinci ya koma maɓoyarsa ya mutu, don haka ba za ki ga gawa ba, kada ki ɗauka bai yi aiki ba. A warwatsa kaɗan-kaɗan, ba a tara wuri ɗaya ba, a kuma ɓoye ledar.

Wuri ɗaya ne ba na sassauci ko kaɗan, wato baƙon nau'in da aka kawo daga wata ƙasa. A 1966 wani yaro ya kai ƙaton dodon koɗin Afirka guda uku jihar Fulorida ta Amurka daga tsibiran Hawai, aka sake su a lambu, kafin a shawo kansu sai da aka kama fiye da 18,000, aka kwashe kusan shekara goma. A can Hawai da wasu tsibiran tekun Fasifik kuma an kai wani dodon koɗi mai cin 'yan'uwansa don ya gama da ƙaton, sai ya bar shi ya afka wa ƙananan na asalin wurin, nau'i da dama suka ƙare. An gudu gara an faɗa gidan zago. Shi ya sa ba na goyon bayan a ɗebe su a mota a kai wani daji da sunan tausayi.

Wata 'yar'uwa ta tambaya ko su ne ke kawo tsargiya. A'a, waccan daga na cikin ruwa take. Amma na tudu ma suna iya ɗaukar wata tsutsa da ke fitowa daga ɓeraye, mai taɓa ƙwaƙwalwa idan ta shiga jikin mutum. Ki sa safar hannu wajen tsinta, ki wanke hannu da sabulu, latas kuma a wanke shi ganye-ganye, don ƙananan suna laɓewa can cikin gindi.

Latas ɗin da suka rage miki, ki yanke gindin gorar roba ki kifa wa kowanne da dare har ya yi ƙwari, murfin a cire don iska. Waɗanda aka cinye amma tsakiyarsu na nan, kada ki tuge, sau da yawa suna sake tohowa. Maigida kuma ki miƙa masa tocila da bokiti yau bayan isha, ku fita tare, ki fara nuna masa ƙarƙashin tukwane.