Ga mai tambaya kan jinyar soja da doki

Hajiya, Allah ya ba yayan naki lafiya. Kin ce ya rasa ƙafa a fagen daga a Borno, barci ya ƙaurace masa, ko salansar babur ta buga sai ya zabura, kuma kin ji ana yi wa irinsu magani da doki.

Ana yi. Tun 1969 Amurka da Ingila suke da ƙungiyoyin da ke ɗora nakasassu a kan doki, daga baya Amurkawa suka shigar da sojojin da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan. Dalili kuwa, takun doki yana juya ƙugun mahayi kamar yadda tafiyar ƙafa ke yi, sai baya da ciki su yi ƙarfi.

Amma ni da na tashi a barga, ba hawan ne ya fi burge ni ba. Doki dabba ce mai tsoro. Ka tunkare shi zuciya na tafasa, zai kwantar da kunne ya ja baya. Wani tsohon saje maƙwabcinmu da farko ko ragama ba ya riƙewa, harawa kawai yake zubawa, ya jiƙa dusa da kanwa, ya goge wa goɗiyar jiki. Da hannunsa ya fara rawa sai ta ɗaga kai, dole ya sassauta numfashi kafin ta tsaya. Matarsa ce ta gaya mana ya fara kaiwa asuba bai farka da ihu ba.

Sai dai don Allah kada ku kai shi filin Murtala Square na Kaduna ku ɗora shi kan dokin folo, ko ingarman hawan salla da ya saba da sukuwa da ƙarar bindiga. Ku nemi tsohuwar goɗiya ko dandaƙaƙƙe marar tutsu, mutum ɗaya ya ja, biyu a gefe, da hular kwano.

Kafin nan ku tambayi likitansa a Asibitin Sojoji na 44 da ke Kaduna, musamman in akwai rauni a laka ko dungulmin bai gama warkewa ba. Firgitar kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ne wurinta, kada ya ajiye magani saboda doki. In ya ce ba ya so, ku ƙyale shi, soja ba ya son a riƙa lallaɓa shi a gaban mutane.