Ruwan kurkure baki ko cingam, wanne zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun da na fara shan maganin hawan jini bakina yake bushewa. Da asuba yawuna ya yi kauri, ga wari. Mai kemis ya ce in sayi ruwan kurkure baki, uwargida kuma ta ce cingam ya isa. Wanne ya fi? Daga wani magidanci a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, a wannan karon uwargida ta fi mai kemis gaskiya.

Yawu ba iri ɗaya ba ne. Wanda ke tsinkewa a bakinka idan ka tsotsi tsamiya tsararo ne kamar ruwa, na asuba kuwa kauri gare shi da yauƙi. Baki kan samar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a rana, kashi 99 cikin 100 ruwa ne. A ɗan ragowar nan aikin yake. Akwai sinadarin da ke fara narkar da sitaci (ka daɗe kana tauna burodi, za ka ji ya soma zaƙi), akwai masu kashe ƙwayoyin cuta, sannan akwai bayikabonet, ɗan'uwan abin da ke cikin kanwa. Yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a tukunya, haka yake kashe tsamin da ke cin haƙori. Tauna ce ke ƙara yawansa, barci kuma ya kusa tsayar da yawun gaba ɗaya, daga nan warin asuba yake.

Yawancin ruwan kurkure bakin nan masu raɗaɗi akwai alkohol a ciki. Ƙamshin ɗan lokaci ne, bakin ya ƙara bushewa. Ka sayi cingam marar sukari, da man goge baki mai fulorayid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori), ka riƙe asuwakinka, ka ajiye ruwa kusa da shimfiɗa. Alewa kam, a'a.

Maganin kuwa kada ka daina shi da kanka. Ka gaya wa likitanka, wataƙila ya sauya maka wani, ka kuma nemi a gwada maka suga, don shi ma yana busar da baki.

Tambaya: Ina yawan shan zoɓo da lemun kwalba. In riƙa goge baki da zarar na sha? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: A'a, 'yata. Tsami yana tausasa ɓawon da ya lulluɓe haƙori, buroshi kuma sai ya kankare shi. Ki kurkure da ruwa, ki ba yawu kamar minti 30 ya yi aikinsa, sannan ki goge.