Me Ya Sa Ake Tsoron Gwaji A Kan Mutane?

Tambaya: Malam dan Allah meyasa ake hana masana wasu gwaje-gwaje akan ɗan adam, ba cigaba bane? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Ƙanwata, tsoron nan yana da tushe. Likitocin Nazi, wato na gwamnatin Hitler a Jamus, sun riƙa tsoma fursunoni cikin ruwan ƙanƙara suna duba agogo har mutum ya sandare, shiyasa a birnin Nuremberg na Jamus a 1947 aka ce dole sai mutum ya yarda da bakinsa kafin ayi gwaji akansa. Amma kuma a wani bincike a Tuskegee ta Amurka an bar baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani tun 1932 har 1972, alhali maganinsa fenisilin ya samu, wallahi abin na min ciwo. Mu ma a Kano iyaye basu manta gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba.