Bashi a Zangon Kumasi

Ɗan'uwa, tambayarka ta iso, kuma na ji ƙanshin zolaya a cikinta. Wai mu da aka haifa a Kumasi, muna cin fufu muna jin yaren Tonawa, wato mutanen Ashanti, har yanzu mun san bambancin bashi da rance, ko mun cuɗe su kamar yadda muka cuɗe "ya" da "ta"? Batun "ya" da "ta" na amsa laifi. A unguwar Aboabo sai ka ji an ce "matata ya tafi kasuwa", ba mai ɗaga kai. Amma bashi kam, ka taɓo inda muke da ta cewa.

Aro da rance ba sai na ja zance ba. Tabarmar da ka ara ita ɗin za ka mayar, gishirin da ka ranta kuwa irinsa za ka kawo, tunda wancan ya narke a miya. Bashi shi ne uwarsu duka, duk abin da ya hau wuyanka, ko kuɗi ne, ko kaya, ko azumin da ake bin ka. Ɗan shekara bakwai a zango ya san wannan.

Kalmar da nake ganin kun sakar wa banki ita ce lamuni. Kullum a rediyo sai "Asusun Ba da Lamuni na Duniya", har yara na zaton lamuni takarda ce da ake cikewa a ofis. A wurinmu lamuni mutum ne ya tsaya wa mutum. Bayan yaƙin basasar garin Salaga da ke arewacin Ghana na 1892 kasuwar goro ta can ta watse, fatake suka yi ta gangarowa kudu. Baƙo ya iso garin da bai san kowa ba, bai jin yare, sai ya sauka gidan maigida. Maigida ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya je gaban Batone mai goro ya ce na lamunce masa. Da wannan kalma ɗaya ake ɗaure wa mutum huhun goro ba tare da ya ajiye ko sisi ba. In ya gudu, maigida ne zai biya. Ku a Kano in mutum ya yi taurin bashi yana da dangi, da gonar gado, da mai unguwar da ya san kakansa. Mu a nan mutum ɗaya ya ci bashi ya tsere, gobe a kasuwa sai a ce 'yan zango ne, duk a shafa mana.

Kakana yana da wani littafi mai baƙin bango, ya cika shi da ajami: wane ƙwarya talatin, wane huhu biyu. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia, firaministan Ghana na lokacin, ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar. Mutane suka yi ta sayar da kaya a wulaƙance suna hawa manyan motoci. Cikin waɗanda suka tafi akwai wani Basakkwace da kakana ya lamunce wa goro wurin wata tsohuwa Batona. Kakana ya sayar da keken ɗinkin kakarmu ya biya ta, kuma har kakarmu ta rasu ba ta daina yi masa gorin keken nan ba. Bayan shekara huɗu sai ga wani direba da kuɗi ƙulle a tsumma daga Sakkwato. Shafin na nan, an ja wa sunan layi da jan tawada.

Na san inda zancenka ya dosa, wato auren mahaifinmu. E, mahaifiyata Batona ce, ta musulunta kafin aure, ta je Makka, kuma har gobe Hausarta da gargada. Tonawa ta wajen uwa suke lissafa dangi, mu ta wajen uba, don haka ni kowane ɓangare nasu ne, kowane ɓangare kuma yana bi na. In an yi rasuwa a dangin uwata, ana kafa tebur, a kawo gudummawar da suke kira nsawa, a rubuta suna da adadi, a yi shela. In kuɗin bai rufe hidima ba, dangi su raba sauran a tsakaninsu. Da wani baffanmu ya zo daga arewa ya ga haka, cewa ya yi wannan ai cinikin gawa ne. Ban ce duk abin da ake yi a wurin ya dace da addini ba, akwai wanda nake kauce wa. Amma na tambaye shi, matan Kano da suke cewa biki bashi ne fa, ki kawo min yau in ninka miki gobe? Su a zuci suke riƙe lissafi, dangin uwata kuwa a takarda. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, rubuta bashi ta ce a yi.

Abin da kuke kira adashi mu susu muke cewa, na yarda kalmar aro ce, kuma ba mu da niyyar mayarwa. Mai susu yana zagaya kasuwar Kejetia kullum da katinsa, ƙarshen wata ya cire zubin kwana ɗaya ladansa. To sai me? Je ka maƙabarta ranar jana'iza ka ji da wane harshe liman ke tambaya ko akwai mai bin mamaci bashi, ka ga yadda babban ɗa ke miƙewa ya ce ya dawo kaina.

Af, tun da kai ka tono zancen: goron da na aiko maka da Babbar Salla kyauta ne, ka ci lafiya. Kuɗin motar da na biya wa yaronka daga Kumasi zuwa Legas kuwa, rance ka ce da bakinka.